Akwatin da Ke Gwada Gaskiyar Kwamfuta

A shekarar 1984, wani injiniya a Jamus mai suna Syed Ahmed da abokan aikinsa biyu suka ƙera wani abu mai kama da akwati. Tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, gabansa a zagaye, bayansa kuma da gangare irin na ƙeyar mota. Ba taya, ba gilashi, ba inji. Suka ajiye shi cikin bututun gwajin iska, inda ƙatuwar fanka ke hura iska daidai gudun da ake so, suna canza gangaren kaɗan-kaɗan.

Daga wajen digiri 12 turjiyar iska ta yi ta hauhawa. Da gangaren ya wuce digiri 30 sai ta faɗi kwatsam, domin iskar ta saki gangaren gaba ɗaya.

Har yau masu ƙera manhajar lissafin iska na komawa ga wannan akwati. Ƙa'idojin Navier da Stokes, waɗanda ke bayyana tafiyar iska da ruwa, an san su tun ƙarni na 19. Amma idan iska ta hargitse, takan farfashe ta zama guguwa cikin guguwa, daga manya har waɗanda ba su kai milimita ba. Babu kwamfutar da ke iya bin kowacce a jikin cikakken jirgin sama, shi ya sa injiniyoyi ke lissafa manyan, su yi wa ƙananan kirdado. A nan kuskure ke shiga.

Masu bincike a birnin Erlangen na Jamus sun sake auna akwatin da hasken leza, suka gano gudun iska a kowane lungu na bayansa. Manhajoji da dama sun yi daidai a digiri 35, amma a digiri 25, inda iskar ke sakin gangaren sannan ta sake manne masa, sai lissafinsu ya kauce.

Masu jiragen sama ma haka suke yi. A birnin Kolon na Jamus akwai bututun da ake sanyaya shi da ruwan naitirojin har ƙasa da sifiri da digiri 160, don ƙaramin samfuri ya ji iska yadda babban jirgi ke jin ta a sama. Tun 2001 kuma masana ke taruwa suna lissafa turjiyar jirgi iri ɗaya, kowa da manhajarsa, sannan a kwatanta amsoshin da abin da bututu ya auna.