Yadda za ka daina gyaran Excel da hannu: sarrafa bayanai a dunƙule da petl

Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar wata ƙungiyar manoma ya san wannan wahalar. A bara na taimaka wa wata ƙungiya da ke da wakilai a Ikara da Makarfi da Kudan, kowanne yana ɗaukar sunayen manoma da lambar waya da girman gona. Wani da KoboToolbox yake aiki, wani kuma Excel yake cikawa a waya ya turo ta WhatsApp. Duk ƙarshen mako sai na zauna in haɗa fayilolin wuri guda, kuma da wannan jerin ake rabon taki. Idan sunan mutum ya faɗi, takinsa ya faɗi ke nan, damina kuwa ba ta jiran kowa.

Irin wannan aiki shi ne sarrafa bayanai a dunƙule: a tara su da yawa, a tura su cikin manhaja lokaci ɗaya, ta bi su layi-layi ba tare da mutum ya zauna yana dannawa ba. Tsohon abu ne. Tun ƙidayar Amurka ta 1890 aka yi shi da katunan Herman Hollerith masu huji. Har yau kuma matakansa uku ne: ka karanto, ka gyara, ka rubuta a inda kake so.

To me ya hana a yi da Excel kawai? Na farko, Excel na cinye sifirin farkon lambar waya, sai 0803 ta koma 803, lamba 11 ta zama 10. Na biyu, gyaran hannu ba ya barin sawu, bayan wata guda ba za ka tuna abin da ka goge ba. Kuma ba mu kaɗai abin ke ci ba. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 masu korona bai shiga lissafinta ba, saboda an yi amfani da tsohon tsarin XLS wanda ba ya wuce layi 65,536. Sauran layukan suka zube shiru, babu wani gargaɗi.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai manyan kayan aiki irin su Apache Spark da Airflow. Suna da kyau ga kamfanin da ke da sabobi, amma ɗauko su don fayil uku kamar ɗauko tirela ne a kai dami ɗaya na rake kasuwar Makarfi. Abin da ya dace da mu shi ne ƙaramin tsari. Masu Java suna da Easy Batch, wanda ya fi Spring Batch sauƙin kafawa. Ni Python na koya, don haka petl nake amfani da shi. Da pip install petl ake sauke shi.

Ga zuciyar aikin:

```
import petl as etl
t = etl.cat(etl.fromcsv('ikara.csv'),
            etl.fromcsv('makarfi.csv'),
            etl.fromcsv('kudan.csv'))
t = etl.convert(t, 'waya', gyara_lamba, failonerror=True)
daidai, matsala = etl.biselect(t, lambda r: len(r.waya) == 11)
etl.tocsv(daidai, 'daidai.csv')
etl.tocsv(matsala, 'a_duba.csv')
```

Umarnin cat yana jera fayilolin uku ƙarƙashin juna, yana daidaita su da sunan kowane ginshiƙi. Shi kuma gyara_lamba ɗan aiki ne da kai za ka rubuta: ya cire tazara, ya mayar da +234 zuwa 0, idan lamba ta zo 10 ya mayar mata da sifirinta. Sai biselect ya raba layukan gida biyu, masu kyau da masu matsala. Lura da failonerror ɗin nan. Idan ba ka sa shi ba, duk inda gyara ya gaza petl zai bar wurin fanko ya wuce, kai ba ka sani ba.

Abin da ya sa na fi son petl shi ne ba ya ɗora fayil gaba ɗaya a kan RAM. Layi ɗaya yake jawowa ya gyara ya miƙa gaba, kuma ba ya fara aiki sai an zo wurin rubutawa. Pandas ya fi shi sauri a lissafi, amma yakan loda komai ne tukuna, kuma tsohuwar laftof mai 4GB takan nuna gajiyarta.

Yanzu ga inda na ƙone hannuna. A karon farko na sa manhajar ta goge duk layin da lambar wayarsa ta maimaitu, ina ganin na kama masu rajista sau biyu. Ashe a ƙauyuka da dama waya ɗaya ce a gida: magidanci da ƙaninsa da matar wansa duk lamba guda suka bayar, kuma kowa da gonarsa. Na cire mutane na gaskiya daga jerin. Allah ya taimaka wakilin Hunkuyi ya san mutanensa, ya kira ni kafin a fara rabo. Tun daga ranar ba na barin manhaja ta goge kowa. Ina amfani da etl.duplicates in fitar da masu lamba ɗaya zuwa fayil na daban, in mayar wa wakili ya tantance. Haka ma sunaye: Muhammad da Moh'd da Mamman na iya zama mutum ɗaya, na iya zama uku, kuma kwamfuta ba ta da hanyar sani.

Girman gona ma sai an kula. Wani wakili da eka yake rubutawa, wani da hekta, alhali hekta ɗaya ta kai kusan eka 2.47. A ƙara ginshiƙin da ke nuna ma'aunin, a mayar da su duka abu ɗaya kafin a tara. Sannan haruffanmu masu ƙugiya: idan ka ga Ɗanjuma ya koma wasu alamomi a Excel, ka sa encoding='utf-8-sig' lokacin rubuta fayil.

Sai batun wuta. Aikin dunƙule na iya tsayawa a tsakiya idan batir ya mutu, don haka ka tsara shi yadda ko sau goma ka sake kunnawa sakamako ɗaya zai ba ka. Kada ka taɓa fayil na asali, a sabo za ka riƙa rubutawa. Idan a SQLite kake ajiya, todb yana share abin da ke teburin ya zuba sabo, shi kuwa appenddb ƙari yake yi a kai, wato idan ka kunna sau biyu kowane manomi ya zama biyu.

A ƙarshen kowane gudu ina sa manhajar ta buga lamba uku da etl.nrows: layukan da suka shigo, waɗanda suka wuce, da waɗanda aka ware. Idan na biyu da na uku ba su haɗu sun ba da na farko ba, ba na tura jerin ga kowa sai na gano inda sauran suka maƙale.