Karya Bayan An Cire Mata Mahaifa: Yadda Za Ka Ciyar da Ita

In kana da karya mai tsaron gida ko garke, wannan magana taka ce. A Um Rakuba da ƙauyukan da ke kusa da Doka, a jihar Gadarif, mutane sun ƙaru tun da aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira a watan Nuwamba 2020. Inda mutane suka yi yawa, ragowar abinci yakan yi yawa, karnuka kuma su taru. Kare marar mai shi yakan ciji yara, kuma kusan duk ciwon haukan kare da ke kama mutum daga cizon kare yake zuwa. Shi ya sa hana karya yawan haihuwa ya shafi lafiyar iyalinka.

Mene ne wannan aiki?

Likitan dabbobi zai sa karyar barci, ya cire mahaifa da gidajen ƙwai guda biyu. Ba aikin gida ba ne, kada ka bar wani ya gwada. Ɗinkin yakan warke cikin kwana 10 zuwa 14. Ka yi ƙoƙari a yi shi da rani, tun laka ba ta tare hanya ba.

Karyar da ba a yi wa aiki ba takan nemi barbara sau ɗaya ko sau biyu a shekara, cikinta kuma kamar kwana 63 ne. Bayan aiki wannan ya ƙare. Ta kuma tsira daga ciwon da ke tara mugunya a mahaifa, wanda yakan kashe tsofaffin karnuka mata. In an yi aikin tana ƙarama, da wuya ƙari ya fito mata a nono.

Me ya sa take ƙiba?

Gidajen ƙwai suna yin wasu sinadarai da ke yawo cikin jini, ana ce da su homon. Ɗaya daga cikinsu, istirojin, yana rage kwaɗayin abinci. In aka cire gidajen ƙwai, istirojin ya ragu ƙwarai. Sai karyar ta riƙa jin yunwa fiye da dā, alhali abincin da jikinta ke bukata ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. In ka ci gaba da cika mata kwano kamar dā, rarar za ta zama kitse.

Kada ka ce ƙiba alamar lafiya ce. Karya mai teɓa takan yi ciwon gaɓoɓi, ta riƙa haki, ba ta iya bin awaki. A zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'auni kan wuce digiri 40, ita ce ta fi shan wuya. Kwananta a duniya ma yakan ragu.

Abin da za ka yi

1. In ɗinki ya warke, ka rage abincin. Ludayi huɗu kake ba ta? Mayar da shi uku.
2. Raba shi biyu, safe da yamma, a kwano ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙa ba ta, don kada kowa ya jefa mata loma.
3. Tuwon dawa ko kisira kaɗai ba su isa ba. Haɗa da ɗan kifi, dafaffen ƙwai, ko guntun nama marar kitse. Dafaffen kabewa yana cika ciki ba ya sa ƙiba.
4. Kada ka ba ta miya mai yawan mai ko albasa. Albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya huda hanji.
5. Lokacin girbin riɗi ka kula, gama riɗi da tunkuzarsa suna da mai.
6. Bar ta ta bi ka gona da sanyin safiya. Ruwa mai tsabta kada ya yanke mata.

Yadda za ka gane

Kowane mako ka shafa gefenta. Ya kamata ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, in ka dube ta daga sama kuma ka ga ƙugu ya shiga. In ba ka jin haƙarƙari, ƙara rage abinci. In ƙasusuwa sun fito fili, ƙara mata. Karya mai ciki ko mai shayarwa ba a rage mata abinci, ƙari take bukata.

Yaushe za ka koma wurin likitan dabbobi?

In tana ɗigar fitsari cikin barci, wannan yakan faru don raguwar istirojin, akwai magani. In tana ƙiba ga shi ba ta ci da yawa, gashi yana zuba, kasala ta yi yawa, wataƙila wani homon ne na maƙogwaro ya kasa.

Ka tuna, cire mahaifa ba ya hana haukan kare. A yi mata allurar rigakafi. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kawo shi asibiti ran nan.