Gadon da uwa kaɗai ke bayarwa

Ƴan'uwa, jikin mutum cike yake da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Cikinsu akwai wasu ƴan abubuwa kamar murhu, masu maida abinci ƙarfi. Masana na kiran su mitokondiriya.

Yaro yana gado daga uwa da uba. Amma gadon mitokondiriya daga ƙwan uwa kaɗai yake fitowa. Na uba lalacewa yake yi. Ɗa namiji yana karɓa, amma ba ya miƙa wa ƴaƴansa. Ɗiya mace ce ke miƙawa.

Akwai irin makanta da kurumta da ke bin wannan hanya. Ba maita ba ce, ba laifin uwa ba ne. In ciwo ɗaya yana yawan kama dangin uwa, a sanar da lokotoro.