Zaurukan hirar masu ƙera manhajoji: Wa ke da iko da su?

Yawancin manhajojin kyauta da duniya ke amfani da su, kamar Linux da Firefox, mutane ne da ke warwatse a ƙasashe daban-daban suke haɗa hannu wajen rubuta su, kuma da damansu ba su taɓa yin ido huɗu da juna ba.

Inda suke haɗuwa kullum shi ne zaurukan hira na intanet. A nan ne ake kai rahoton matsala, a yi muhawara, kana ƙwararru su amsa tambayoyin sababbin shiga.

Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Jarkko Oikarinen, shi ne ya ƙirƙiro tsarin IRC a jami'ar Oulu a shekarar 1988, tsarin da masu wannan sana'a suka shafe shekaru da dama suna dogaro da shi.

Daga baya ne Slack ya ɓullo a 2013, sai Discord a 2015. Sauƙin amfani da su a wayar salula ya ja hankalin jama'a da dama.

Sai dai sauƙin yana tafe da sharaɗi, domin kamfani ne ke riƙe da saƙonnin.

Tun daga watan Satumban 2022, masu amfani da Slack kyauta ba sa iya ganin saƙon da ya wuce kwana 90. Ke nan amsar da wani ƙwararre ya ɓata lokaci yana rubutawa za ta ɓace wa wanda ya zo da irin tambayar bayan wata huɗu.

Kamfanin ma yana iya sauya hannu. A 2021 Salesforce ya kammala sayen Slack a kan dala biliyan 27 da miliyan 700.

Shi ma IRC bai tsira daga irin wannan ba. A watan Mayun 2021, masu aikin sa-kai da ke kula da Freenode, wata babbar cibiyar IRC, sun ajiye aiki, suna zargin ɗan kasuwa Andrew Lee da ƙwace ikon cibiyar, zargin da ya musanta.

Nan take suka kafa Libera Chat, kuma cikin 'yan kwanaki ƙungiyoyi irin su Ubuntu da Wikimedia suka bi su can.

Wasu ƙungiyoyin sun zaɓi wata hanyar. A 2020 Mozilla, mai Firefox, ta rufe cibiyarta ta IRC ta koma Matrix, tsarin da ke bai wa kowace ƙungiya damar ajiye hirarta a na'urar da ta ga dama.

Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke da ƙa'idar cewa a tattauna a zaure, amma duk shawarar da aka yanke sai an rubuta ta a kundin aikin, inda kowa zai same ta ko da zauren ya rufe.