Shin Na'urar Daidaita Wuta Tana Ƙara wa Sauti Daɗi? Misali Daga Tumbutu

Tumbutun da ake magana a nan ba ta ƙasar Mali ba ce. Wata gunduma ce a ƙaramar hukumar Malanbil, a jihar Alibori ta arewacin Jamhuriyar Benin, inda kogin Kwara ya raba ƙasar da Nijar. A tsallaken kogin akwai garin Gaya. Harshen Dandi ne ya fi yawa a yankin, amma Hausa tana da ƙarfi a kasuwar Malanbil, wadda fatake daga Nijeriya da Nijar suka daɗe suna ci. A kasuwa irin wannan, wanda ya sayi amfilifaya da sifiku ba kasafai yake barin shago ba sai an yi masa tallar sitabilaiza, wato na'urar daidaita wuta, wadda masu jin Faransanci suke kira régulateur. Wani mai shagon zai ce tana kare kaya. Wani kuma zai ƙara da cewa tana sa sauti ya fita tangaran. Magana ta farko gaskiya ce. Ta biyun ce take bukatar bincike, domin kuɗin da mai gida zai kashe a kanta ba ƙarami ba ne.

A Turai da Amurka ma ana wannan muhawara, sai dai a can kuɗin ya fi yawa. Kamfanoni irin su Furman da AudioQuest da PS Audio suna sayar da na'urorin "tace wuta" ga masu sha'awar sauti, kuma wasu daga cikinsu kuɗinsu ya kai dubban daloli. To amma wutar birnin Landan daban, ta bakin Kwara daban, saboda haka amsar da ta dace da can ba lallai ta dace da nan ba.

Yadda amfilifaya take cin wuta

Wutar da kamfanin SBEE yake rabawa gidaje a Benin ƙa'idarta bolt 220 ce, kuma wuta ce mai kai-da-komo, tana kammala zagaye sau 50 a kowace daƙiƙa. Amfilifaya ba ta iya aiki da irin wannan wuta kai tsaye. Idan wutar ta shiga, taransifoman da ke ciki yana rage ƙarfinta, sannan wasu ƙananan sassa da ake kira dayod su mayar da ita mai tafiya hanya ɗaya, daga nan ta taru a cikin manyan kondansa. Aikin kondansa kamar na randa ne: ko da mai ga-ruwa yana zuba ruwa jarka-jarka, wanda yake ɗiba daga randar yana samun ruwa ba yankewa. Daga wannan randa amfilifaya take ɗibar wutar da take tura wa sifika.

Ma'anar wannan ita ce, kowace amfilifaya mai inganci ta riga ta zo da matacinta a ciki. Ƙananan ƙazantar da ke kan layi tana tsayawa a taransifoma da kondansa, ba ta isa kunne. Wannan ne ya sa idan aka auna abin da ke fita zuwa sifika, a wurin da wuta take da kyau, galibi ba a ganin wani bambanci tsakanin kayan da aka jona a bango da wanda aka jona a na'ura mai tsada.

Inda mai shago yake da gaskiya

Sai dai sharaɗin shi ne wuta ta kasance da kyau. Benin ta daɗe tana sayen wani kaso mai yawa na wutarta daga waje, a da ta hannun hukumar CEB da ta kafa tare da Togo a 1968. Wuta tana shigowa daga Gana, da kuma daga Nijeriya ta layin Ikeja zuwa Sakete da aka buɗe a 2007. Tashar Maria-Gléta, mai ƙarfin megawat 127, wadda aka ƙaddamar a 2019, tana kudu kusa da Kwatano, ita kuwa Malanbil tana nesa da Kwatano da fiye da kilomita 700. Taransifomomin hanya suna gyara ƙarfin wutar, amma a ƙarshen layin unguwa, inda waya siririya ce kuma gidaje da yawa suke ja, ƙarfin yakan faɗi, musamman bayan magariba a lokacin bazara da kowa ya kunna fanka.

A nan lissafi yana da amfani. A amfilifaya mai taransifoma, iyakar ƙarfin da take iya bayarwa yana bin ƙarfin wutar ne idan aka ninka shi da kansa. A ce wuta ta sauko daga 220 zuwa 180. Ragin bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, amma ƙarfin amfilifayar zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan ana sauraren labaran rediyo a hankali, babu wanda zai lura. Amma ranar suna ko biki, da aka murɗa sauti sama, amfilifayar za ta kai iyakarta da wuri, ta fara datse kan sautin. Murya ta yi kaushi, ganga ta riƙa fashewa, kuma wannan datsewar tana iya ƙona ƙaramar sifika mai fitar da siririn sauti. A irin wannan hali sitabilaiza tana gyara sauti da gaske. Ba wani daɗi ta ƙara ba, ta dai mayar wa kayan da ƙarfin da aka ƙera su da shi.

Ko wannan ma ba a kan kowane kaya yake ba. Yawancin kayan sauti na zamani, irin ƙananan sifikun bulutut da wasu na'urorin falo, suna da madaidaicin wuta a cikinsu. Mai saye ya duba bayan kayan ko jikin caja. Idan an rubuta 100 zuwa 240, to bolt 180 ba ya rage musu komai, kuma sitabilaiza ba za ta canza sautinsu ba.

Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi, wato sayen sitabilaiza ƙarama saboda araha. Lambar da aka rubuta a jikinta, kamar 1000 ko 2000, tana nuna nauyin da take ɗauka ne idan wuta tana kusa da daidai. Da wuta ta yi ƙasa sosai, abin da take iya ɗauka yana raguwa. Idan aka haɗa mata firji da talabijin da amfilifaya, sai ta zama ita ce take shaƙe kayan, ban da ƙas-ƙas ɗin da take yi duk lokacin da ta canza mataki.

Ƙugi da tsaki

Mafi yawan ƙorafin da ake kai wa mai gyaran rediyo ba na ƙarancin wuta ba ne, na ƙugi ne, wato wannan "huuu" da ake ji ko an kashe waƙa. Sau da yawa dalilinsa shi ne an haɗa kaya biyu, misali dikoda da amfilifaya, kowanne yana da tasa hanyar zuwa ƙasa, sai wata 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta wayar sauti. Wani lokacin kondansa ce ta tsufa, abin da zafin yankin yake gaggautawa. Wani lokacin kuma wayar sauti ce mai araha aka shimfiɗa ta gefen wayar wuta. Sitabilaiza ba ta maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Maganinsu shi ne jona kayan duka a soket ɗaya, ko canza kondansa, ko raba wayoyin. Haka nan "dit-dit-dit" ɗin da sifika take yi idan kira zai shigo wayar salula, ta iska yake zuwa, magani kuwa a matsar da wayar.

Tsakin da ake ji idan firji ya tashi, da kuma shuu ɗin da ƙwan fitila ko caja marasa inganci suke sawa a rediyo mai gajeren zango, su ne matacin wuta yake iya ragewa, kuma mataci mai sauƙin kuɗi ya isa.

Gidan da yake amfani da janareto ko sola matsalarsa daban ce. Ƙaramin janareto ba ya riƙe zagaye 50 daidai idan nauyi ya canza, ita kuwa sitabilaiza ƙarfin wuta take gyarawa, ba yawan zagaye ba. Inbata mai araha tana fitar da wuta mai kusurwa maimakon mai lanƙwasa, wannan yakan sa taransifoma ya yi zafi yana ƙara, har ƙarar ta shiga sifika. A nan kuɗin ya fi amfani idan aka sa shi a inbata mai fitar da wuta mai santsi.

Batun kariya kuwa ba ya bukatar doguwar magana. Idan wayar da ake kira nutural ta tsinke a layin unguwa, wutar da za ta shiga wasu gidaje tana iya kusantar bolt 380. Sitabilaiza mai katse wuta idan ta yi yawa, kuma mai ɗan jinkiri kafin ta saki wuta bayan an dawo da ita, tana iya ceton kayan gida. Amma tsawa ta fi ƙarfinta, saboda haka idan hadari ya taso da damina, a zare kayan daga bango, har da wayar eriya.

Yadda za a gwada

Me ya sa mutane masu gaskiya suke rantsuwa cewa sun ji bambanci? Kunne ba ya riƙe sauti da daɗewa, kuma wanda ya biya kuɗi yana sauraro da niyyar ya ji daɗi. Sannan idan sauti ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙarfi, ko da kaɗan ne, mai sauraro yakan ce shi ya fi kyau. Don kauce wa wannan ne injiniya David Clark ya bayyana wata hanyar gwaji a 1982, wadda ake kira ABX, inda mai sauraro ba ya sanin abin da aka kunna masa.

Ana iya kwatanta ta a tsakar gida a Tumbutu. Mai gida ya zauna ya ba kayan baya. Wani ya riƙa jefa kwabo, idan kai ya fito ya jona a sitabilaiza, idan ɗaya gefen ne ya jona a bango, ba tare da ya taɓa maɓallin sauti ba, kuma ya rubuta abin da ya yi. A maimaita sau 10 da waƙa ɗaya. Mai canke kawai zai dace wajen sau 5. Samun 9 ko 10 ta hanyar canke yana faruwa ne kusan sau ɗaya cikin ɗari. Ya kamata a yi gwajin sau biyu, da hantsi lokacin da wuta take cike, da kuma bayan magariba da sauti a sama, domin a gida ɗaya amsar safe tana iya saɓa wa ta dare.