Yaro Mai Tsananin Fushi: Ina Za A Kai Shi?

A Gabukka, kamar sauran unguwannin Gombe, akan sami yaron da in ransa ya ɓaci sai ya yi ta birgima, yana buga kansa da bango, yana cizon ƙannensa. Ga ɗan shekara 2 ko 3, yawanci wannan yakan wuce da kansa. Amma in ya haura shekara 5 abin bai ragu ba, ko kuwa yana ji wa kansa ciwo, to, lalle a nemi likita.

Sau da yawa akan ce taurin kai ne, ko iskoki. Alhali kuwa farfaɗiya, da kurumta, da lahanin da sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro kan bari a ƙwaƙwalwa, duk suna iya jawo haka. Bulala ba ta warkar da ko ɗaya, ɗaurin mari kuwa ƙara lalata yaron yake yi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta ba shi haƙƙin magani ba tare da wulaƙanci ba.

Iyaye su fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, su bayyana lokacin da abin ya soma da abin da ke tayar da shi. In hali ya yi, a ba su takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, inda likitocin yara da na ƙwaƙwalwa za su duba shi.