Cin Abinci A Filin Jirgin Saman Ikeja: Tsakanin Mashaya Da Teburin Mai Shayi

Duk wanda ya taɓa zaman jiran jirgi a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja ya san akwai lokacin da yunwa kan mantar da mutum ɗokin tafiya. A ce jirgin Kano zai tashi da hantsi, har azahar ta gota ba a kira fasinja ba. A nan ne matafiyi zai miƙe ya shiga neman inda zai jiƙa maƙogwaro.

Abin da zai tarar galibi wuri ne guda mai aiki biyu, watau mashaya da gidan abinci a haɗe. Ga kwalaben giya jere bayan kanta, ga shinkafa dafa-duka da soyayyar kaza a gefe. Ga baƙon da ya saba, wannan ba kome ba ne, haka tsarin yake a filayen jiragen Turai, kuma shi kansa ginin sashen ƙasashen waje da aka buɗe ran 15 ga Maris, 1979, fasalin filin jirgin Schiphol na ƙasar Holan aka bi wajen gina shi. To, amma dattijon da ya fito daga Zangon Agege da rawaninsa ba ya so a hango shi bisa doguwar kujerar mashaya, ko da kuwa lemo ne a hannunsa, domin mai hange daga nesa ba ya karanta sunan kwalba. Sai ya saya a tsaye, ya koma can kan benci ya sha. Kazar kuma ya bar ta, tun da bai san wanda ya yanka ba.

Sai batun tsada. Masu kantunan nan haya suke biya mai nauyi, sun kuma san wanda ya ƙetare wurin bincike ba shi da wata kasuwa sai tasu. Tun 2006, da aka tona wani makirci na tarwatsa jirage da ruwan sinadari a Ingila, aka hana masu zuwa ƙasashen waje wucewa da abin sha a mazubin da ya fi mililita 100. Ke nan gorar furar da uwargida ta dama a ƙofa za ta tsaya, sai mutum ya shiga ya sayi ruwa a kan kuɗin da ya ninka na titi. Attajiri ba zai ji a jikinsa ba. Ɗalibi da majinyacin da aka yi wa karo-karo su ne ke ƙirga canji.

Abin lura shi ne, abincin da matafiyin nan ya yarda da shi bai yi nisa ba. Agege na maƙwabtaka da filin jirgin, har ƙarar tashin jirage kan katse wa mutanen unguwar hira. Goro ne ya tara Hausawa a can. A farkon ƙarni na 20 gonakin koko da na goro suka bunƙasa a Agege, hanyar jirgin ƙasa daga Ikko ta ratsa garin, ta kuma haɗe da Kano a 1912, fatake suka riƙa ɗora huhunan goro zuwa Arewa. Inda fatake suka sauka kuwa, dole mahauci da mai tuwo su biyo baya. Har yau babbar mayankar Ikko tana Oko-Oba ne a Agege, shanun da ake yankawa kuma daga Arewa ake kawo su. Daga nan masu tsire da balangu da yawa ke ɗaukar nama. Shi kuma burodin Agege, mai laushin nan da ya yi suna a ƙasar nan, a teburin mai shayi ya fi armashi, da soyayyen ƙwai da shayi mai kauri.

Saboda haka direbobi da 'yan canji da masu dako, waɗanda filin jirgi ne wurin neman abincinsu, ba su cika cin na ciki ba. Waje suke fita. Matafiyin da ya san gari shi ma kan cika cikinsa tun daga unguwa, sa'an nan ya ƙulla guzuri irin na kakanni: kilishi, da dambun nama, da dakuwa, da 'yan ƙwaryoyin goro a aljihu.

Sai dai guzurin ma yana da iyaka. Mai zuwa Kano ko Sakkwato ba wanda zai ce masa kanzil. Amma Ingila da Amurka sun hana matafiyi shiga da nama daga ƙasashe irin namu, kome bushewarsa, kuma kilishin da aka yi wa ɗan'uwa tsaraba yakan ƙare a hannun 'yan kwastan. Wanda ya san haka yakan kwance ƙunshinsa tun a zauren jira na Ikeja, ya miƙa wa na kusa da shi, su cinye kafin a kira jirgi.